Daga Maraɗi zuwa bakin teku: kurakuran da ke cin kuɗin matafiyi a kar da bayan zem

Ba yau mutanen Maraɗi suka fara sauka Kwatano da Lome ba. Iyayenmu sun je sayen motoci da atamfa da kayan kwantena, su kwana huɗu a zango su juyo, wasu ma ko ganin tekun ba su yi ba. Yanzu kuwa ana samun matasa masu son bin gaɓar da kansu, ba ɗan rakiya: daga Kwatano su shiga Wida da Giran-Popo, su ƙetara Lome, su wuce Akra, wanda aljihunsa ya yi nauyi ya kai har Abijan. Na bi wannan hanya sau uku, kuma yawancin kurakuran da zan faɗa da kuɗina na saye su. Kusan duk tushensu ɗaya ne. Mutum yana ɗaukar hankalin da ya saba da shi tsakanin Damagaram da Kwanni, ya kai shi ƙasar da ruwanta da lissafinta da agogonta duk daban suke.

Tun a gida ake fara ɓata tafiya, wato a dogara da labarin wanda ya je shekaru biyar da suka wuce. Tsohuwar hanyar kowa ya san ta: Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, a karya kudu zuwa Gaya, a hau gada a faɗa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, har Kwatano, wajen kilomita 1,400 gaba ɗaya. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar. Benin ta buɗe ɓangarenta a Fabrairun 2024, namu ya ci gaba da zama a rufe, fasinjoji suka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale, kaya a kai. Irin wannan lamari yana sauyawa cikin mako guda. Saboda haka ka je tasha a makon da za ka tashi, ka nemi direba ko yaron motar da ya dawo jiya ko shekaranjiya. Ka tambaye shi dalla-dalla: tikitin nan iyakarsa Gaya ne ko har Kwatano? Kuɗin jirgin ruwa da na ƴan dako suna ciki? Akwai kar mai jira a ɗaya gefen? Wanda ya zaɓi bin Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano zuwa Legas ya shiga ta Seme, to ya tanadi naira, kuma kada dare ya same shi tsakanin iyaka da Katsina.

Takardu ma haka. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙasashe ukun da suka fita, har sai an sake shawara. Ni dai ban ga dalilin yin musu da ɗan sanda a bakin iyaka da kartidante kaɗai ba. Ka tafi da fasfo, musamman in Gana na cikin shirinka. Wanda aka fi mantawa da shi kuwa shi ne katin rigakafin shawara, ɗan littafin nan ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka yin ta ana gobe tafiya bai fisshe ka ba. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iya rayuwa, to wanda ya taɓa yi ya nemo tsohon katinsa a ƙasan akwati. Marar kati shi ne abincin kowane shinge.

Sai maganar dala, wadda ita ce ta fi ba ni dariya yanzu, ko da yake ranar ban yi ba. Mu a Maraɗi da dala muke lissafi: dala ashirin faran 100 ne, jikka guda kuwa dala ɗari biyu. Ɗan zem na Kwatano, wato ɗan kabu-kabunsu, bai san wannan ba, da faran yake magana. Ranar da na fara sauka, na tare wani daga Zongo zuwa kasuwar Dantokpa, ya ce mini da Faransanci ɗari biyu. Kaina ya fassara shi nan take zuwa dala ɗari biyu, na ce a raina garin nan da tsada yake, na zaro jikka na miƙa. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya tada babur ya yi gaba. Da yamma na ba maigidan da na sauka wajensa labari, ya riƙe ciki ya ce, "Kai ɗana, dala arba'in ya tambaye ka, ka ba shi na kwana guda!" Gyaran mai sauƙi ne. Daga Malanbil zuwa gaba ka rufe bakin dala, ka yi ciniki da faran, in ka yi shakka ka rubuta adadin a waya ka nuna masa. Ka kuma tara canji, don ɗan zem bai taɓa samun canjin jikka biyar ba tun da aka halicce shi.

Sefarmu tana ci a Benin da Togo da Kodibuwa, Gana ce kaɗai a tsakiya da sidinta. Can ma akwai nasu rikicin lissafin. A 2007 suka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo guda, amma har gobe za ka ji dattijuwa a kasuwa ta ce miliyan ɗaya tana nufin sidi 100. Kada ka firgita, ka tambaya. A Aflawo kuma, garin iyakar Gana da Togo, ƴan canji za su yanyame ka tun ba ka sauke jaka ba. Ka canza abin da zai kai ka Akra kawai, ka ƙirga kuɗinsa a hannunka kafin ka saki naka.

Zem shi ne kabu-kabunmu, sunan ya fito daga zemijan, wai "ɗauke ni da sauri" a harshen mutanen can. A Kwatano rigarsu ruwan ɗorawa ce, da lamba a baya. Ka hau mai riga da lamba, ka bar wanda ya zo da rigar gida yana maka murmushi. Ciniki kafin ka ɗaga ƙafa, ba bayan an iso ba. Sunan titi kuma ba ya kai ka ko'ina, da alama ake kwatance: kusa da Etuwal Ruj, bayan babban masallacin Zongo, tashar Jonke. Batun kaske kuwa ba wasa ba ne, domin tun Maris 2024 ƴan sandan Benin suka tsananta a kan direba da fasinja duka. Mai niyyar yin kwanaki gara ya sayi nasa, ya fi sa na haya da ya sha gumin mutum ɗari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tufafinmu. Babbar riga da dogon hijabi da mayafi mai ja a ƙasa ba su jituwa da ƙafar babur. Na ga wata Hajiya a kan hanyar tashar jiragen ruwa, gefen mayafinta ya shiga wayar ƙafar babur, kafin direban ya taka birki ya riga ya shaƙe ta ya jefar a kwalta. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ta yi. A tattare riga a cusa ƙarƙashin cinya kafin a tashi. A sauka ta hagu, salansa yana dama, kuma ƙunar salansa a ƙasar laima takan yi makonni tana ruwa ba ta bushe ba.

Akwai masu zuwa da babur ɗin kansu ko su yi haya. Su ji wannan: iskar teku gishiri ce, cikin mako guda za ka ga sarƙa ta yi ja. A wanke da ruwan famfo, a shafa mai kullum. Hanyar masunta da ta bi bakin ruwa daga Kwatano zuwa Wida tana da kyan gani, itatuwan kwakwa jere, amma inda kwalta ta ƙare yashin teku ne mai laushi, ba irin na hanyar Dakwaro da ka saba ba. Kafin ka bar gida ka tambayi kamfanin inshorarka ko takardarsu tana ci a ƙasashen da za ka, sannan ka karɓi takardar shigar babur a wajen duwan na kowace iyaka. Man kwalba na bakin hanya, wanda suke kira kpayo, ɗan'uwan namu ne na Maraɗi, kai ma ka san halinsa.

Wani kuskuren shi ne auna tafiya da kilomita. Kwatano zuwa Lome wajen kilomita 150 ne, Lome zuwa Akra wajen 190, gaɓar Togo duka ba ta kai 60 ba. Bamaraɗe zai ce ai wannan tafiyar hantsi ce, kamar zuwa Tasawa a dawo. Ina! Tsakani akwai iyakar Hilakonji ta Benin da Togo, akwai ta Aflawo, akwai shingaye, akwai manyan motocin da ke fitowa daga tashoshin jiragen ruwa, akwai ƙaramar motar da ba ta tashi sai ta cika. Ka ba kowace iyaka yininta. Ka tashi da asuba, ka isa garin da za ka kwana da sauran rana. Tikitin kai-tsaye daga Kwatano zuwa Abijan yana da sauƙi ga ɗan kasuwa mai sauri, amma kai da ka zo kallo zai wuce da kai Giran-Popo da Aneho da Elmina kana barci. Gara ka yanka tafiyar gunduwa-gunduwa. A Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, motocin Aflawo a Tudu suke, na Kep Kos da Takoradi a Kaneshi. A Elmina ne gidan dutsen da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya ya zama ma'ajiyar bayi, ya cancanci yini guda.

A bakin iyaka kuma kada ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki, komai daɗin Hausarsa. Jin harshen gida a baƙon wuri yana kwance wa mutum ɗamara, su ma sun san haka. "Sannu da hanya Alhaji, kawo in buga maka hatimi, layin nan sai la'asar." Ka gode masa, ka bi layi da ƙafarka, ka duba da idonka an buga hatimin fita da na shiga.

Da ka ƙetara Hilakonji agogo ya koma baya da awa guda, domin Nijar da Benin lokacinsu ɗaya, Togo da Gana da Kodibuwa kuma nasu ɗaya. Wani abokina ya isa tasha a Lome ƙarfe huɗun dare yana faɗa wai an makara.

Damina ma ba irin tamu ba ce. Mu mun san Yuni zuwa Satumba, shi ke nan. A gaɓar teku sau biyu take zuwa: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya ce bari in riga damina in tafi a watan Mayu, ya kai kansa tsakiyarta. Unguwannin Kwatano sukan cika da ruwa har gwiwa, kuma can yammacin Gana wajen Aksim ruwan shekara ya haura milimita 2,000, ninkin namu wajen sau huɗu. Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya, Agusta ma ba laifi. Ko ba a ruwa laimar tana nan. Rigar da ke bushewa cikin awa guda a igiyar gidanku za ta kwana biyu da danshi, kilishin guzuri in ka ƙulle shi a leda zai yi furfura. Ka ɗauki kaya marasa nauyi, ka sa takardu da waya a leda mai zif. Sauro kuwa ba shi da hutun rani a can, don haka gidan sauro ya shiga jaka, zazzaɓi in ya zo a je a gwada jini ranar.

Kan abinci, wasu sukan ƙi komai sai biredi da shayi har su rame, wasu kuma su ci duk abin da aka zuba. Ka tambayi naman mene ne, don alade da naman daji suna yawa a miya, farin ruwan da ke cikin kwalba a ƙauyuka kuma sau da yawa sodabi ne, giyar dabinon manja. Kifi dai ba shi da shakka. A Abijan ka nemi garba, wato aceke, dambun rogo, da soyayyen kifin tuna, za ka tarar yawancin masu sayarwa ƴan Nijar ne. Zongon Kwatano, Zongon Lome, Nima a Akra, Tireshbil da Ajame a Abijan, duk za ka sami masallaci da tuwo da mai nuna maka masauki. Ka sauka a zango, amma kada zango ya riƙe ka har ka dawo ba ka ga komai ba.

Na bar teku a ƙarshe don shi ne wanda ba a gyara kuskurensa. Wanda ya koyi iyo a gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa yakan ɗauka ya iya ruwa. Tekun wannan gaɓa yana da igiyar da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma wurin yakan yi lumus kamar ya fi ko'ina lafiya, don raƙuman ruwa ba sa fashewa a nan. A Giran-Popo na shiga har ƙugu, na ji yashi yana zarewa ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana jan tabarma. Wani masunci da ke gyaran koma ya daka mini tsawa da hannu, na fito da rarrafe, wando cike da yashi. In ruwan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai-tsaye, ka yi iyo ta gefe, a layin gaɓar, har ka fita daga igiyar. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, ya ba wani waya ya ɗauke shi hoton da za a tura gida.