Kafin ka shiga muhawarar kantoma da zaɓaɓɓen ciyaman

A majalisar unguwarmu, da an taɓo maganar ƙaramar hukuma sai a rabu biyu. Wasu su ce gara kantoma tunda zaɓen ma na jeka-na-yi-ka ne, wasu su ce ko ba komai wanda aka zaɓa ya san akwai ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Ni ina tare da na biyu, amma ba na son a shiga musun nan hannu rabbana.

Fara da doka. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36: naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Don haka mai son kantoma sai ya nemi a gyara tsarin mulki tukuna.

Daga nan ka saurari hujjarsa da kyau, domin ba ta banza ba ce. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta. A Oktoban 2024 NNPP ta cinye kujerun ciyaman 44 na Kano, APC ta cinye 23 na Kaduna. Idan aka ce maka wannan naɗi ne da aka sa wa rigar zaɓe, kada ka yi gardama. Ka tambaya dai: maganin zaɓe mara kyau shi ne a daina zaɓen, ko a gyara hukumar da ke yin sa? Masu cewa a miƙa aikin ga INEC suna nan, ka san da su.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne kuɗi. Kowane wata kwamitin FAAC yana raba kuɗin tarayya, kason ƙananan hukumomi kashi 20.6 cikin ɗari ne, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da kowacce ta samu a intanet. Nemo sunan taku, ka rubuta adadin a takarda. Sannan ka ɗauki takardar ka zagaya: kasuwa, tasha, mahauta, bolar da ta toshe kwata, asibitin sha-ka-tafi, ajin firamaren da yara ke zaune a ƙasa. Duk ƙaramar hukuma na da hannu a cikinsu. Ka je wurin kansilanku da ladabi ka ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da aka ce ya shigo, nawa ya iso sakatariya, nawa ya tafi albashi?” Ku je ku uku ko huɗu, da dattijo a cikinku, an fi sauraron ku.

Ba kowace kujera nake so a zaɓa ba. Ma'aji da daraktan ayyuka gara a ɗauke su bisa ƙwarewa. Amma wanda ke sa hannu a fitar da kuɗinmu, ina so ya zama mutanen gari ne ke iya sauke shi, domin kantoma wanda ya naɗa shi kaɗai yake tsoro.