Yadda za ka auna damarka ta shiga manyan jami'o'in Amurka

Ɗalibai sukan turo mini makinsu su ce, "Malam, da wannan zan samu Harvard?" Babu wanda zai iya amsa wannan daga maki kawai, kuma duk wanda ya yanka maka kaso ya ce ga damarka, hasashe yake yi. Amma akwai lissafin da za ka yi da kanka a zama ɗaya, ka san inda ka tsaya.

Fara da takardar da ake kira Common Data Set. Yawancin jami'o'in Amurka suna fitar da ita duk shekara, kuma idan ka rubuta sunan jami'a tare da wannan suna a intanet za ta fito maka. Sashe na C1 zai nuna maka mutum nawa suka nema da nawa aka ɗauka. A 2024 sama da mutum 54,000 ne suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba, wato ƙasa da huɗu cikin kowane ɗari. Sashe na C9 yana kawo makin SAT da ACT, wato jarabawoyin neman shiga jami'a a Amurka, na ɗaliban da suka shiga. Iyakar SAT maki 1600 ne, ACT kuma 36. Duba makin da kashi 25 cikin ɗari na ɗaliban suke ƙasa da shi, da wanda kashi 25 suke sama da shi. In makinka bai kai na farkon ba, da sauran aiki a gabanka. In ya haura na biyun, za a karanta takardunka da muhimmanci, iyakar abin da ya ba ka ke nan. Sai C7, inda jami'ar take faɗa da bakinta abin da ta fi dubawa da wanda ba ta kula da shi sam.

Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya ɗauki wannan kaso na gaba ɗaya a matsayin nasa. Ba layi ɗaya masu nema suke bi ba. A shari'ar da aka yi da Harvard, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncinta a Yunin 2023, an fito da bayanan ɗaukar ɗalibai, masana suka lissafa cewa kusan kashi 43 cikin ɗari na fararen fatar da aka ɗauka ko dai 'yan wasa ne da masu horarwa suka zaɓo, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin da shugabannin jami'ar ke sa wa ido. In ba ka cikin waɗannan, gurabun da kake takara a kansu sun fi ƙaranci. Jami'o'in jihohi kuma 'yan gida suke fifitawa: Jami'ar Carolina ta Arewa da ke Chapel Hill tana taƙaita 'yan wajen jihar a kashi 18 cikin ɗari na sababbin ɗalibai. Fannin da ka zaɓa ma yana canza lissafi, domin shiga sashen kwamfuta na Jami'ar Carnegie Mellon ya fi shiga yawancin sauran sassanta wuya nesa ba kusa ba.

Ga kuma batun kuɗi, musamman ga wanda ba ɗan ƙasar ba. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst suna cikin 'yan kaɗan da ba sa duba ƙarfin aljihun ɗalibin waje yayin yanke shawara. A yawancin sauran, neman cikakken tallafi yana rage maka dama, kuma gara ka sani tun yanzu.

Abin da ya fi nauyi a fayil ɗinka shi ne sakamakon shekarun sakandare, da irin darussan da ka ɗauka. Makarantarka tana aika bayanin kanta tare da takardunka, don haka ana auna ka ne da abin da ke samuwa a wurinku. Wanda ya ɗauki darussa mafi tsauri da makarantarsa ke da su ya fi burge jami'o'in a kan wanda ya bi masu sauƙi don makinsa ya cika.

Fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'i da yawa da shi a lokaci ɗaya, yana ba ka gurbi goma na ayyukan da kake yi a wajen aji, bayanin kowane bai wuce haruffa 150 ba. Wani zai cike goman da "mamba a ƙungiyar kimiyya", "mamba a ƙungiyar muhawara". Wani kuma zai cike huɗu kawai, ɗaya daga ciki ya ce: "Na koyar da yara 12 na ƙananan aji lissafi duk Asabar, shekara biyu, ni nake rubuta musu tambayoyin gwaji." Mai duba takardun a jami'a ya ga mutum a na biyun. Kuma don Allah, in kana rainon ƙannenka bayan makaranta ko kana aiki don taimaka wa gida, rubuta shi. Fom ɗin yana da gurbin hidimar iyali, kuma abin yana ba ni takaici in ga yara suna ɓoye shi don suna ganin ba abin faɗa ba ne. Wasiƙar shaida ka nema a wurin malamin da ya san yadda kake tunani a aji, ko da ba shi ya ba ka maki mafi yawa ba. Rubutun bayanin kai iyakarsa kalma 650. Abu ɗaya da ka sani ciki da bai ya ishe ka.

Dokar jarabawa tana canzawa, ka duba ta kowace jami'a daban. MIT ta dawo da sharaɗin aika makin SAT ko ACT a 2022, Dartmouth, Brown da Harvard suka bi a 2024, Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta duba SAT ko ACT ko ka aika.

Tsarin Early Decision, wato neman jami'a ɗaya tun da wuri, wanda akasari ake rufewa 1 ga Nuwamba, yana nuna kason ɗauka mafi girma, amma wani ɓangare na wannan 'yan wasa ne da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Kuma alkawari ne: in an ɗauke ka dole ka janye sauran takardunka, ba ka ga tallafin da wasu za su ba ka ba.

Yanzu sai ka jera jami'o'inka. A wurina, duk wadda take ɗaukar ƙasa da kashi 15 cikin ɗari ka sa ta a sahun buri, komai kyan makinka. Sa biyu ko uku, sa wasu inda makinka yake tsakiyar na ɗalibansu, sannan aƙalla biyu inda ka haura su sarai. Waɗannan biyun na ƙarshe ka fi ba su lokaci: su zama wuraren da za ka je da zuciya ɗaya, kuma iyayenka za su iya biya. Jami'o'in Amurka suna da manhajar lissafin kuɗin karatu bayan tallafi a shafinsu, amma an tsara ta ne don 'yan ƙasa, ɗalibin waje sai ya rubuta wa ofishin tallafi ya tambaya. Ku zauna da iyayenka a kan waɗannan alƙaluman kafin watan Oktoba, tun ba a fara biyan kuɗin fom ba.