Yadda ake duhunta ɗakin yaro ya samu barci

Iyaye mata na Damagaram, in yaronku na farkawa tun ƙarfe 6 ko ya ƙi barcin rana, ku duba tagar ɗakin, haske ne ke hana jiki sakin sinadarin melatonin mai kawo barci.

Ku samo rido mai kauri a kasuwar Dole, ku ɗaga shi wajen rana kafin ku biya, in haske na ratsawa tela ya ninka shi biyu. Ya zarce taga da taƙi guda kowane gefe, don ta gefe hasken ke satar shiga. In ba kuɗi, kwali ma ya isa, a yanka daidai taga a manna takardar aluminiyom ta fuskar waje tana mayar da zafi. Baƙar leda kam a'a wallahi, a Afirilu da zafi ke wuce digiri 40 gasa yaro za ku yi.

Ƙasan ƙofa a tura tsohon zane. Amma ku bar kafar iska ta sama, in kuran ya ɗauke ku buɗe ƙofa. Igiyar rido nesa da gado, kuma kar a rufe fuskar jariri da mayafi wai don duhu. Da ya tashi a yaye rido ya san gari ya waye.