Yadda za ka sa kanel ɗin Linux ya rubuta bashin kowa da sunansa

Ina kula da wata ƙaramar sabar, wato kwamfutar da ke aiki ta intanet, da wasu 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege a Legas suke ajiye lissafin kaya da shafukansu a kai. RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ke gudana, gigabait 8 ne. Wata Laraba bayan sallar asuba wani Alhaji mai albasa ya kira ni, ya ce, "Malam, abin naka fa ya ƙi buɗewa, ga motoci uku sun iso daga Sakkwato." Na shiga da ƙyar, na tarar kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji RAM, ya kashe MySQL, manhajar da ke riƙe lissafin, cikin dare. MySQL kuwa ba shi da laifin komai. An kutsa cikin shafin wani ne, aka sa PHP, mai gudanar da shafukan, yana ta haifar ƙananan ayyuka, kowanne ka kalle shi a top, manhajar da ke nuna abin da kowane aiki ke ci, bai kai ya kawo ba. Da RAM ɗin ya ƙare, kanel ya duba wanda ya fi kowa ƙiba ya yanka.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Mile 12 ya san kuɗin buhu daban, kuɗin dako da na rumfa daban. Haka manhaja take. Akwai RAM ɗin da take riƙe da hannunta, akwai kuma wanda kanel yake kashewa saboda ita: duk fayil ɗin da ta buɗe, duk haɗin intanet, duk zaren aiki (thread), wato ƙaramin reshen aikin da take gudanarwa. A injin x86 mai bit 64, zare ɗaya yana cin kilobait 16 na kanel tun kafin ya yi komai. Zare 30,000 ya kusa rabin gigabait ke nan. Sunan fayil ma, ko babu fayil ɗin, idan aka nema sai kanel ya ajiye ɗan rubutu na bait 192 cewa an nema ba a samu ba. A nema sau miliyan 10 da sunaye daban-daban, an doshi gigabait 2. Wannan na ƙarshen kanel yana iya zubarwa idan ya matsu, amma na zare da na haɗin da ke buɗe ba ya zubuwa sai mai shi ya sake. Mai kai hari wannan kuɗin dakon yake bi.

Maganin shi ne cgroup, wato a zuba ayyuka rukuni-rukuni, kowane rukuni da littafin bashinsa. Ya shigo Linux a 2008, amma lissafin abin da kanel ke kashewa sai a sigar 3.8 ta 2013 ya zo, kuma a tsohon tsarin iyakarsa daban take, mutane da yawa ba su ma san da ita ba. A cgroup na biyu, wanda ya tabbata a sigar 4.5 ta 2016, an haɗe su: memory.max guda ɗaya ta ƙunshi na manhaja, na kanel, da na haɗin intanet na TCP.

Saboda haka fara da tabbatar da wanne kake kai:

stat -fc %T /sys/fs/cgroup

Idan ya ce cgroup2fs, madalla. Debian 11 da Ubuntu 22.04 da shi suke zuwa. Sai ka leƙa /proc/cmdline. Idan ka ga cgroup.memory=nokmem, wani ya kashe lissafin kanel da gangan, cire shi ka sake tada injin.

Kada ka yi saurin sa iyaka. Ni na yi wannan gaggawar, na matse wani shafi a megabait 300, ranar kasuwa ya riƙa faɗuwa, na sha kira har na gaji. Ka bar systemd-cgtop, mai nuna abin da kowane rukuni ke ci, a buɗe kwana biyu ko uku, musamman lokacin da ciniki ya yi zafi, ka ga abin da kowa yake ci da gaske. Sannan ka karanta littafin bashin, misali na rukunin PHP:

cat /sys/fs/cgroup/system.slice/php8.1-fpm.service/memory.stat

Layukan suna da yawa, huɗu ne naka, masu nuna kuɗin dakon nan na kanel: slab_unreclaimable, kernel_stack, pagetables da sock. Idan anon, wato RAM ɗin da manhajar ke riƙe da hannunta, yana zaune wuri ɗaya amma waɗannan suna hawa, to akwai lauje cikin naɗi. kernel_stack da pagetables su ne suka tona asirin ɓarawon nawa.

Yanzu iyakar:

systemctl set-property php8.1-fpm.service MemoryHigh=1500M MemoryMax=2G TasksMax=500

MemoryHigh ita na fi so. Ba ta kisa, jan birki take yi: rukunin da ya wuce ta sai kanel ya riƙa ƙwace masa abin da zai ƙwatu, aikinsa ya yi nauyi kamar mota a cunkoson Oshodi, kai kuma ka samu lokacin shiga ka duba. MemoryMax ita ce bango. Wanda ya buge ta, a cikin rukuninsa kaɗai za a yi kisan, MySQL na gefe ko a jikinsa. TasksMax kuma ta hana haihuwar nan marar iyaka. Idan da Docker kake aiki, manhajar da ke keɓe kowane aiki a akwatinsa, --memory da --pids-limit su ne daidai da MemoryMax da TasksMax. Abu ɗaya da za ka kiyaye: idan ka tara iyakokin duka, kada su cinye RAM ɗin injin tas, ka bar wa kanel da SSH, hanyar da kake shiga sabar daga nesa, wurin numfashi, in ba haka ba ranar da abu ya ɓaci kai ma ba za ka samu ƙofar shiga ba.

Bayan nan duk mako ina duba memory.events na rukunin, yana nan wuri ɗaya da memory.stat. Lambar high tana ɗan motsi, ba damuwa. Lambar oom_kill ta motsa, sai na zauna na bi diddigi.

Ba komai lissafin ke kamawa ba. Abin da masu rubuta kanel suka yi wa alamar __GFP_ACCOUNT ko SLAB_ACCOUNT ne kawai ake ɗora wa rukuni, kuma suna ta ƙara sababbi daga siga zuwa siga, shi ya sa zama a kan tsohon kanel hatsari ne. Don haka har yanzu nakan gwada SUnreclaim na /proc/meminfo, wato jimillar slab_unreclaimable ta duk injin, da abin da rukunonin suka nuna. Idan tazarar tana faɗi, slabtop zai nuna maka wane kaya ne ke taruwa babu sunan mai shi. Teburin conntrack na bangon tsaro, mai riƙe jerin haɗin intanet ɗin da ke shiga da fita, kuwa iyakarsa daban ce, nf_conntrack_max, ita ma ka je ka duba nawa aka sa mata.