Yadda Ake Gano Rikicin Ma'aikata a Takardun Aikin Jirgin Baro Zuwa Kano

Mai son sanin abin da ya gudana tsakanin masu aikin shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1911, kada ya fara da rahoton shekara. Wannan an rubuta shi ne don idon Landan, an share duk wata ƙura kafin a aika.

Fara da zana wa ke sama da wa. Gwamna Percy Girouard yana Zungeru, hedkwatar Arewa a lokacin, har zuwa 1909, shi kansa injiniyan jirgi ne da ya shimfiɗa dogo a Sudan, saboda haka ba ɗan kallo ba ne a wannan aiki. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, shi ke riƙe da ginin. Amma leburori ba a hannunsa suke ba. Razdan, Baturen da ke kula da lardi, shi ke neman su ta hannun sarki, sarki ya ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci. Wato mai aiki daban, mai mutane daban. Yawancin saɓanin daga nan yake tasowa: injiniya na ƙirga mil, Razdan na tunanin haraji da gonakin da aka bari.

A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, nemi fayilolin sakatariya masu lambar SNP, sannan na larduna, musamman ZARPROF (Zariya) da MINPROF (Minna) da KANPROF (Kano). Kada ka tsaya ga ɓangare ɗaya. Magana guda, ka nemo ta a wurin injiniya, ka kuma nemo ta a wurin Razdan.

In ka buɗe fayil, duba takardun sharhi da rubuce-rubucen gefen wasiƙa, inda manya ke sa baki da alƙalami. Yi layi huɗu a littafinka: kwanan wata, wanda ya ba da umarni, wanda aka tsallake, abin da ya sauya a fili. Umarnin da ya sauko daga Zungeru ta waya kai tsaye zuwa ga ƙaramin ma'aikaci, ba tare da ya bi ta kan shugabansa ba, shi ne katsalandan ɗin da kake nema. Ka lura kuma da wanda aka yi wa canjin wuri ko aka tura hutu jim kaɗan bayan wata takaddama.

Inda aka fi yin kuskure shi ne batun gudun leburori. Takarda za ta ce lalaci ne. Kafin ka yarda, ɗora kwanan watan a kan kalandar noma. In ya faɗo lokacin shuka ko girbi, ka sami dalili. In bai faɗo ba, bi sawun biya: an jinkirta ne, ko kuɗin ya bi ta hannun helima, wato shugaban leburori, ya rage? An kawo hatsi sansani? Ka tuna mutanen nan da yawansu ɗibarsu aka yi, ba su suka kawo kansu ba, kuma duk abin da suka faɗa ta bakin tafinta ya bi kafin akawu ya rubuta. Wannan abu ne mai ciwo, domin su suka ɗauki ƙasa a ka, amma muryarsu ce mafi ƙaranci a fayil.

Sunayen garuruwa Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji, don haka gwada kowane suna da rubutu biyu ko uku kafin ka ce babu fayil ɗinsa.