Yadda Ake Mayar da Tsohon Filin Haɗa Karnuka Faɗa Gidan Jinyar Karnuka a Kumasi

Wurin da aka daɗe ana haɗa karnuka faɗa ba ya warkewa don an kwashe karnukan. Cuta tana nan a cikin ƙasa, kaska tana nan a tsagar bango, kuma mutanen da suka saba cin kuɗin caca a wurin ba su manta hanya ba. Wanda ya fara da fenti da allon suna kafin ya magance waɗannan, zai binne karnukansa na farko tun damina ba ta fita ba.

An taɓa yin irin wannan aiki, ya kuma yiwu. A 2007 hukuma ta kwashe karnuka daga gidan Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon Amurka, a jihar Bajiniya ta Amurka, inda ake haɗa su faɗa. Da aka duba su ɗaya bayan ɗaya, guda ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗa, 47 kuma aka raba su ga masu jinya, 22 daga ciki suka tafi gidan dabbobi na Best Friends a jihar Yuta. A 2011 ƙungiyar Dogs Deserve Better ta sayi gidan kansa ta mayar da shi wurin jinyar karnuka. A Kumasi kuwa akwai zafi, da damina biyu a shekara, da ciwon haukan kare, don haka tsarin namu sai ya bi nasa hali.

Kafin a taɓa komai

Zaluntar dabbobi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 303 na dokar laifuffuka ta Gana ta 1960. Sarƙoƙi, sirinji, kafet mai jini, injin gudu da ake ɗaure kare a kai, duk shaida ne. Kada a ɗauke ko tsinke sai 'yan sanda sun gama aikinsu sun saki wurin a rubuce.

Daga nan sai takardun fili. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, saboda haka a ga takardar rabon fili daga sarkin yankin, a kuma yi bincike a Hukumar Filaye. Idan haya ce, kada ta gaza shekara 10, domin kankaren da za a zuba ba ya ɗaukuwa in mai fili ya canza magana. A yi wa ƙungiyar rajista a matsayin mara neman riba, a nemi izinin gini daga ƙaramar hukuma, a sanar da ofishin likitocin dabbobi na gwamnati tun daga farko.

Maƙwabta su ne izini na gaske. A je wa sarkin zango da liman da gaisuwa, a yi bayani fili: karnuka nawa, ina fitsari da kashi za su tafi, wa za a kira in an ji haushi da dare. Malamai sun san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba sai an koya musu ba. Abin da suke so su ji shi ne tsabta da tsaro. In wurin yana bango da bango da gidaje ko masallaci, irin cunkoson unguwannin Aboabo ko Asawase, shawararmu a haƙura da shi. Haushin karnuka 15 da asuba ba ya jin roƙo.

Ƙasa

Nan ne aikin ya fi nauyi, nan ne kuma aka fi ha'inci. A zagaya filin taki bayan taki da safar hannu mai kauri da takalmin roba. Inda aka ɗaure kare shekara da shekaru za a ga da'ira a ƙasa, ciyawa ta mutu, tsakiyarta kuma akwai turken ƙarfe ko ƙarfen ƙafar mota da aka binne. A tone su duka. Allurai su shiga galan mai murfi. Inda ƙasa ta lotsa ko ciyawa ta yi kore fiye da kewayenta, sau da yawa mushe ne a ƙasa. A kira likitan dabbobi na gwamnati ya faɗi yadda za a yi da shi.

Duk abin da yake katako, kafet, buhu ko igiya, a fitar da shi gaba ɗaya. Ba a iya tsabtace su.

Ƙwayar cutar fabo, wadda ke sa kwikwiyo amai da zawon jini, tana rayuwa a ƙasa mai inuwa da laima har shekara guda ko fiye. Ƙwan tsutsar ciki ya fi ta daɗewa. Zuba bilic, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, a kan ƙasa asarar kuɗi ce, domin ƙasa da datti suna kashe ƙarfinsa nan take. Abin yi shi ne a kwashe saman ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20 a duk inda kare ya zauna, a kai ta inda dabba ba ta zuwa, a cike da jar ƙasa a daddaɓe, sannan a zuba kankare ko tsakuwa. A yi wannan da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, rana ta samu ta gasa wurin. Kada a shimfiɗa yashi a inuwa: akwai ƙudan da ke sa ƙwai a yashi mai fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kare ta zauna kamar maruru.

Siminti da ƙarfe kuwa suna wankuwa. A goge da sabulu da buroshi tukuna, a ɗauraye, sannan a sa bilic, wanda a kasuwa aka fi kira Parazone. A duba kwalbar: in ƙarfinsa kashi 5 cikin ɗari ne, mililita 300 a bokitin lita 10, in kashi 3.5 ne, mililita 450. A bar shi minti 10 a jiƙe, a ɗauraye, a bari ya bushe. Haɗin jiya ba ya aiki yau, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa yana shaƙe mutum da kare.

Kaskar kare tana hawa bango, tana ɓuya a tsagar bulo da ƙarƙashin rufi, mace ɗaya kuma tana sa ƙwai dubbai. A sa birkila ya toshe kowace tsaga ya yi filasta mai santsi, a fesa maganin da likita ya rubuta har sama, a maimaita duk mako biyu sau uku ko huɗu kafin kare na farko ya shigo.

Gini

Ramin da ake haɗa karnukan faɗa a ciki a rushe shi, kada a ce za a mayar da shi sito. Kowane kare ɗakinsa daban, faɗin mita 1.5, tsawon mita 3, tsayin mita 2. Bangon da ke tsakani bulo ne har mita 1.8, ba waya ba, kuma layin ɗakuna kada ya fuskanci wani layi. Karen da aka horar da faɗa in yana kallon ɗan'uwansa yini guda, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana ta gwaguyar ƙofa har haƙori ya karye. A rufe sama da wayar walda, don suna hawa. Ramukan wayar kada su wuce santimita 5, sakata kuma ta kasance mai ɗaukar kwaɗo.

Daɓe ya gangara santimita 2 a kowace mita zuwa kwata da ke wajen ɗakin, yadda ruwan ɗaki ɗaya ba zai bi ta wani ba. Kwatar ta shiga ramin masai nata, kada ta faɗa kwatar unguwa. Kwanon rufi yana zafi sosai a Fabrairu da Maris. A ɗaga shi, a bar iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a sa silin in da hali. A ajiye tankin ruwa na kwana uku. Kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita guda a rana, amma wanki ne ke cinye ruwa.

Katangar waje mita 2, gindinta ya nutse rabin mita saboda tono. Kowace mashiga ƙofa biyu: a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Ɗakunan killacewa guda biyu ko uku su kasance can gefe, da tsintsiyarsu da bokitinsu da takalminsu. Mai gadi da fitila dole ne, domin karen faɗa kuɗi ne a wurin masu shi na da.

Shigowar karnuka

A fara da huɗu ko biyar. Kowanne ya yi kwana 14 a killace, a yi masa allurar haukan kare da allurar haɗaka mai kare fabo da sauransu, a maimaita ta haɗakar bayan mako uku, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. A roƙi likita ya gwada jini. Dasashi fari da kasala alamar cutar jini ce, wata kaska ke kawo ta, wata kuma tana bin cizo daga kare zuwa kare, shi ya sa ta yi yawa a karnukan faɗa. Akwai makarantar likitocin dabbobi a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi, a nemi shawararsu.

Karen da ya rame kada a cika masa kwano don tausayi, yana iya mutuwa. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau huɗu, a riƙa ƙarawa cikin mako guda. Ragowar wake da shinkafa mai albasa da shito ba abincinsu ba ne. Ƙashi dafaffe yana huda hanji. Goro da ɓawon koko guba ne ga kare, kuma a Kumasi ba su da wuyar samu a ƙasa.

Yawancinsu tsoro ne ya fi ƙarfinsu. Za a ga kare mai tabo a fuska da ƙafafun gaba ya kwanta ya manne da daɓe, ya ƙi tafiya, sai an ɗauke shi. Mutum ɗaya ya riƙa zama a bakin ɗakin, ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido, yana jefa guntun nama, minti 10 safe da yamma. Lokacin abinci da wanki da fita kada ya canza. Ba duka, ba tsawa, ba sarƙa. In ya fara zuwa da kansa, sai a saba masa da igiya da takunkumi mai kama da kwando, wanda zai iya haki a ciki. A sa nama a cikinsa har ya riƙa cusa baki da kansa.

Gwaji da wani kare sai bayan makonni. Mutum biyu, karnuka biyu da takunkumi, suna tafiya gefe da gefe da tazarar mita 20. In jiki ya sandare, baki ya rufe, ido ya kafe, an matso da yawa, a ja baya. Kada a jira gurnani, da yawansu shiru suke kai hari. Wasu za su saba da 'yan'uwansu, wasu har abada sai su kaɗai, kuma kaɗan daga ciki haɗarinsu ga mutane ba ya gyaruwa. Wannan hukunci na likita ne da mai horo tare.

Ma'aikata

Duk mai shiga ɗaki a yi masa rigakafin haukan kare tun kafin ya fara. In an yi cizo, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar, karen kuma a sa masa ido kwana 10. Faɗa in ya ɓarke ba a sa hannu: allon katako mai faɗi, bargo mai kauri da tiyon ruwa su kasance a rataye a kowane layi, kuma kada mutum ɗaya ya fito da kare biyu. A tanadi kayan aiki daban da wurin wanka, ma'aikaci ya canza ya tafi salla da natsuwa.

Ba da kare

Ba a ba da kowane kare sai an dandaƙe shi, karya kuma an cire mata mahaifa. Wannan kaɗai yana korar masu neman iri don faɗa. A je a ga gidan da ido: katanga, inuwa, yara, awaki da kaji. Wanda ya fara da tambayar ko karen ya taɓa cin faɗa, ko yake son ɗauka yau yau, ko ya nemi uku a lokaci ɗaya, a sallame shi da girma, don akwai masu saye saboda nama. A rubuta yarjejeniya cewa ba sayarwa, ba ɗaurewa da sarƙa, in an kasa riƙo a dawo da shi. A ɗauki hoton karen da tabonsa a ajiye tare da katin allura, a koma ziyara bayan mako biyu, bayan wata uku, da lokacin allurar haukan kare ta shekara mai zuwa.