Yadda ƙaramin soja a Amurka zai samu taimakon tafiya gida hutun ƙarshen shekara

Daga bikin Thanksgiving, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, har zuwa sabuwar shekara, kuɗin tikitin jirgi a Amurka tashi yake yi. Ƙaramin soja mai mata da yara biyu, da aka tura barikin Texas alhali iyayensa suna New York, in ya lissafa kujeru huɗu zuwa da dawowa sai jikinsa ya yi sanyi. An yi wa masu matakin E-1 zuwa E-4, wato matakai huɗu mafi ƙasa a aikin soja, ƙarin albashi na kashi 14.5 cikin ɗari a 2025, amma haya da cefane da renon yara ba su bar komai ba. Taimako yana nan, sai dai bai kai yawan masu nema ba. Da sanyin safiya ake kama fara, don haka in kai ne sojan, ko ke ce matarsa, a fara shiri tun Satumba.

Da farko ka nemi hutu. Soja yana tara kwana biyu da rabi kowane wata, kwana 30 ke nan a shekara. Ka duba abin da ya rage maka, ka tsayar da ranar tafiya da ta dawowa, ka kai wa sajen da ke kula da kai. A Disamba ba a sakin kowa lokaci guda, dole a bar masu gadi da masu aiki, kuma wanda ya riga shi ake fara dubawa. Ka tabbatar sunan matarka da na yara suna cikin rajistar iyalan soja da ake kira DEERS, katin shaidarta kuma bai ƙare ba. Jaririn da aka haifa bana shi aka fi mantawa.

Na biyu, ka nemi shirin Operation Ride Home. An fara shi a 2011, ƙungiyar Armed Services YMCA ce ke gudanar da shi domin ƙananan sojoji da iyalansu. Wanda zai hau jirgi tikiti ake ba shi, wanda zai tuƙa mota kuma a ba shi kati mai kuɗi a ciki don mai da abinci da masauki a hanya. Kyauta ce, ba rance ba. Ka je reshen ƙungiyar da ke kusa da barikinku ko shafinta na intanet, ka karanta sharuɗɗan shekarar da kanka, musamman matakin da aka yarda ya nema, sannan ka cike takarda da zarar an buɗe. Ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki a taƙaice: yaushe rabonka da gida, mutum nawa za ku tafi, nawa tafiyar za ta ci.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya cike. Kamfanin Jack Daniel's na jihar Tennessee, mai yin barasa, shi ne babban mai ɗaukar nauyin shirin, tare da gudummawar jama'a. A ganina gara mutum ya san wannan tun farko, ya tambayi malami ko limamin sojoji, ya yanke wa kansa hukunci da natsuwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya je ofishin kula da iyali na bariki, ko wurin babban sajen rukuninsu, ko ya kira Military OneSource, layin taimakon sojoji da iyalansu, ya tambayi wane tallafi ake da shi a yankin. Ba abin kunya ba ne, don irin wannan aka buɗe ofisoshin.

Na uku shi ne jirgin soja, abin da sojoji ke kira Space-A. Jiragen rundunar sama da ke jigilar kaya da dakaru kan tashi da kujeru babu kowa, sai a ba sojoji da iyalansu kyauta ko da ɗan haraji kaɗan. Suna tashi daga wurare irin su Travis a Kalifoniya, Dover a Delaware, filin jirgin Baltimore, da Ramstein a Jamus. Soja ba ya iya rubuta suna sai ranar da hutunsa ya fara. An kasa matafiya rukuni shida: mai larurar gaggawa yana na ɗaya, mai hutu na yau da kullum yana na uku, 'yan fansho na shida. A cikin rukuni guda, wanda ya riga rubuta suna shi ake fara kira. Za ku zauna a tasha da akwatunanku, ma'aikaci ya fito ya ce kujera goma sha biyu ce, ya karanta sunaye, in an tsaya kafin naku sai ku kwashi yara ku koma jiran na gobe. In jirgin kaya ne, da sanyi da ƙara a ciki, ku tanadi rigunan sanyi, bargo, takalmi rufaffe da abin toshe kunne.

Kada ka dogara da wannan hanya kaɗai a Disamba. Jadawali kan canza dare ɗaya, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin kujerar dawowa. Rashin jirgi ba uzuri ba ne a wurin kwamanda in hutunka ya ƙare, saboda haka kar ka hau sai da kuɗin tikitin kasuwa a aljihu.

In rasuwa aka yi ko rashin lafiya mai tsanani, hanyar daban ce. Dangi su kira Red Cross ta Amurka, ita za ta tabbatar da labarin ta isar wa kwamanda. Daga nan Army Emergency Relief, ko Navy-Marine Corps Relief Society, ko ƙungiyar tallafin rundunar sama ta AFAS, gwargwadon rundunarka, kan ba da rance marar ruwa ko kyauta don kuɗin tafiya.

Ranar tafiya akwai ƙananan sauƙi da bai kamata su wuce ka ba. Manyan filayen jirgi da yawa suna da zauren USO, ƙungiyar da ke kula da walwalar sojoji, inda iyali za su huta su ci ɗan abin taɓawa ba tare da biya ba. In ka sa lambar katinka na soja lokacin yankan tikiti, za ka bi layin bincike mai sauri na TSA PreCheck kyauta. Kamfanonin jirgi da dama kuma suna yafe wa soja kuɗin akwati, ka tambaya kafin a auna.

Wanda gidansu ke Kano ko Yamai ko Kumasi, nasa shirin ya fi tsawo, domin soja ba ya fita ƙasar waje hutu sai da amincewar shugabanninsa da bayanin jami'in tsaro, kuma hakan kan ɗauki makonni. Iyaye da dangi a gida su ma su kula: ba a biyan ko sisi don a ba sojan Amurka hutu. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Facebook yana cewa a aika kuɗin takardar hutu ko kuɗin rajistar tallafi, ɗan damfara ne. Ku kira ɗanku a lambar da kuka sani ku ji daga bakinsa.